Tuwo ko maiƙo: gardamar da ta raba kan masu gudun fanfalaki

 Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, wata baiwar Allah mai sayar da hatsi ta bugo mana waya a cikin shirinmu na wasanni a gidan rediyo, muryarta cike da damuwa. Ta ce ɗanta saurayi ne mai son gudu, kullum bayan sallar asuba sai ya kewaye gari da abokansa kafin ya zo ya taya ta buɗe rumfa, kuma babban burinsa shi ne ya shiga tseren gudun fanfalaki. Kwatsam sai ya daina cin tuwo. Ya daina shan fura, shinkafa ma in an zuba masa sai ya kawar da kai. Wai ya gani a cikin salula cewa manyan ƴan tsere na duniya sun bar dangin hatsi da sukari, sun koma ga nama da ƙwai da man shanu. Mako uku ke nan, in ji ta, kuɗin cefane ya ninka, yaro ya rame, in ya dawo daga gudu sai ya zube a kan buhuna kamar wanda aka yi wa duka. Tambayarta ɗaya ce: gaskiya ya gani, ko kuwa an yaudare shi?

Ba mu amsa mata a take ba, domin mu ba likitoci ba ne, sai muka roƙe ta ta ba mu lokaci mu bincika. Abin da muka tarar shi ne yaron bai ƙirƙiro maganar ba. Gardama ce ta gaske, wadda aka fi shekara 40 ana tafkawa tsakanin manyan masana, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa. Sai dai rabin labarin aka nuna masa.

Kuɗin lalita da kayan sito

Bari mu fara daga abin da kowane ɗan kasuwa ya sani. Dukiyar mai kasuwa kashi biyu ce. Akwai kuɗin da ke cikin lalita ko a bakin zane, akwai kuma kayan da ke jibge a sito. Na lalita ba su da yawa, amma da an nemi canji sai a zaro. Na sito sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma kafin su zama kuɗi sai an nemo mabuɗi, an kira ɗan dako, an yi ciniki.

To haka jikin ɗan Adam yake ajiye ƙarfinsa. Duk abin da muka ci na dangin hatsi da zaƙi, wato tuwo, fura, shinkafa, taliya, burodi, rogo, dankali, dabino ko zuma, ciki yana narkar da shi ya koma sukari, ya shiga jini. Wanda ba a ƙone nan take ba, sai jiki ya ɗaure shi ya ajiye a cikin tsoka da hanta. Masana suna kiran wannan ajiya gilikojen, kuma ita ce kuɗin lalita. Ba ta da yawa ko kaɗan: wajen giram 400 zuwa 500 a tsoka, wajen giram 100 a hanta, duka-duka rabin kilo da ɗan wani abu, kimanin kalori 2000 in aka auna da ma'aunin ƙarfin abinci. Kitse kuwa shi ne sito. Ko ɗan tseren da ya fi kowa ramewa yana ɗauke da kitsen da ƙarfinsa ya ninka waccan ajiya fiye da sau 10.

Yanzu ku yi lissafi da mu. Tseren maraton, wanda ake ce wa gudun yada ƙanin wani, kilomita 42 ne da mita 195. Mutum mai nauyin kilo 60 yana buƙatar wajen kalori 2500 kafin ya ƙare shi. Kun ga ke nan lalita ba ta kai. Shi ya sa tsakanin kilomita 30 da 35 ake ganin mutum yana gudunsa lafiya lau, sai farat ɗaya ƙafafu su yi nauyi, kai ya ɗauki juyawa, ya koma jan jiki. Su ƴan tsere suna cewa mutum ya ci karo da bango. Duk gardamar nan a kan wannan bango take. Ɓangare ɗaya ya ce a cika lalita maƙil, kuma a dinga ƙara mata a hanya. Ɗaya ɓangaren ya ce a'a, a koya wa jiki buɗe sito da sauri, a huta da dogaro da lalita. Don sauƙin magana za mu kira na farko ƴan tuwo, na biyu ƴan maiƙo.

Ƴan tuwo ne suka riga faɗin tasu. A shekarar 1924 wasu likitoci suka auna jinin waɗanda suka ƙare maraton na birnin Boston a Amurka, suka ga waɗanda suka fi jigata sukarin jininsu ya faɗi ƙasa warwas. Da shekara ta kewayo sai aka ba wasu alewa su dinga sha a hanya, suka iso da sauran ƙarfinsu. Amma binciken da ya kafa tushen maganar a ƙasashen arewacin Turai aka yi shi, aka buga a 1967. Jonas Bergström da Eric Hultman na ƙasar Suwidin da abokan aikinsu suka sa mutum 9 su tuƙa keken gwaji da ƙarfi har sai sun kasa. Bayan ƴan kwanaki na cin nama da maiƙo zalla, wajen awa 1 suka iya yi. Da abincin yau da kullum suka yi wajen awa 2. Da aka cika su da dangin hatsi kuwa suka yi wajen awa 3. Mutanen nan dai su ne, keken ma shi ne, abinci kawai aka canza. Ba da jimawa ba Ron Hill ɗan Ingila ya bi wannan dabara ya ci maraton na gasar Turai a birnin Atina a 1969, daga nan cin taliya da shinkafa a jajibirin tsere ya zama al'ada a ko'ina.

Ƴan maiƙo suka ce ba a yi musu adalci ba, domin kwana uku ba su isa jiki ya saba ba. A 1983 wani likita Ba'amurke, Stephen Phinney, ya ɗauki ƙwararrun mahaya keke 5 ya hana su dangin hatsi kusan gaba ɗaya har mako 4. Irin wannan ci shi ne ake kira keto a yau. Da aka gwada su a tuƙi na matsakaicin ƙarfi, juriyarsu a dunƙule ba ta ragu ba: minti 147 kafin gwaji, minti 151 bayansa. Wannan lamba ita ce ake ta yawo da ita har yau. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, in aka duba mutum-mutum, ɗaya ne ya ƙaru sosai ya ja sauran sama, biyu kuwa raguwa suka yi. Shi kansa Phinney ya amince cewa ƙarfinsu na fizga da gudu ya ragu.

Wanda ya ba maganar maiƙo nauyi a idon duniya shi ne Farfesa Tim Noakes na Afirka ta Kudu. Likita ne, mai gudu ne da kansa, kuma shi ya rubuta littafin Lore of Running wanda ƴan tsere suka daɗe suna ɗauka a matsayin jagora, inda ya yi ta kira a ci dangin hatsi. Wajen shekarar 2010 sai ya juya wa maganarsa baya, bayan ya ga jikinsa ya yi nauyi, gudunsa ya lalace, daga baya kuma aka tabbatar masa da ciwon sukari. Har ya ce duk mai littafin ya yage babin da ya yi magana a kan abinci. Mu dai mun jinjina masa a kan wannan, domin ba kowane malami ne zai fito bainar jama'a ya ce abin da ya koyar shekara da shekaru kuskure ne ba. A 2016 kuma Jeff Volek da abokansa a Amurka suka gwada masu gudun da ya zarce maraton su 20, suka ga waɗanda suka daɗe a kan maiƙo suna ƙone kitse wajen giram 1.5 a minti ɗaya, fiye da ninki biyu na ƴan tuwo. Wato da gaske ana iya faɗaɗa ƙofar sito. Sai dai wannan bincike bai sa su tsere don a ga wanda zai riga wani ba.

Da aka sa su a fili

Wadda ta sa su a fili ita ce Farfesa Louise Burke, wadda a lokacin take aiki a cibiyar wasanni ta ƙasar Ostareliya da ke Kambera. Ta tara manyan ƴan tseren tafiya 21, wato tseren nan da ake tafiya da sauri ba tare da ƙafafu biyu sun bar ƙasa lokaci guda ba, a daidai lokacin da ake shirin wasannin Olamfik na Riyo na 2016. Ta raba su uku. Kashi na farko suna cin dangin hatsi isasshe kullum. Kashi na biyu suna cin adadi ɗaya da na farko, amma ana tsara shi: a ci da yawa gabanin atisaye mai tsanani, a rage a wasu lokuta. Kashi na uku kuwa maiƙo ne kusan kashi 80 cikin 100 na abincinsu, dangin hatsi bai kai giram 50 a yini ba. Horo iri ɗaya, mako 3, an yi tseren kilomita 10 kafin a fara, an sake yi bayan an gama.

Sakamakon ya fito a 2017. Kashi na farko lokacinsu ya gyaru da kashi 6.6 cikin 100, na biyu da 5.3. Ƴan maiƙo kuwa, ga shi sun zama gwanayen ƙone kitse kamar yadda Volek ya gani, ga shi sun sha wahalar horo daidai da kowa, amma ba su ƙaru da komai ba, har ma sun ɗan ja baya. Da aka yi ta sukar binciken, sai Burke ta sake shi da ƙarin ƴan wasa, ta buga a 2020, aka sami abu ɗaya.

Dalilin yana cikin numfashi, kuma a nan ne muke ganin bakin zaren duka yake. Jiki ba ya ƙone komai sai da iskar oksijin da huhu ke shaƙa. Kitse ya fi sukari cin iska: da iska daidai gwargwado, sukari yana ba da ƙarfin da ya ɗara na kitse da wajen kashi 5 zuwa 7 cikin 100. In mutum yana tafiya a hankali, iska ta wadace shi, wannan bambanci bai dame shi ba. Amma ɗan tseren da ke gudu numfashi na neman ƙure masa, ba shi da iskar da zai yi asara. Mata masu tuya sun san wannan tun ba yau ba: kututture yana kwana yana ci, amma in ana son mai ya yi zafi yanzu-yanzu ga masu saye sun yi layi, kara ake turawa. Bugu da ƙari, an gano cewa jikin da ya saba da maiƙo yana rage iya ƙone sukari da sauri. Ko ranar tsere an cika masa lalita, sai ya tarar zarenta ya ƙulle a daidai lokacin da abokin hamayya ya fizga.

Me zakarun suke ci?

A nan ne muka yi dariya mu kaɗai, da muka tuna yaron da ya ƙi tuwon uwarsa don ya yi koyi da zakaru. A 2004 Vincent Onywera na ƙasar Kenya da abokan aikinsa suka zauna mako ɗaya a wani sansanin horo kusa da Kaptagat, suna auna duk abin da manyan ƴan tsere 10 suke ci. Kashi 76 cikin 100 na ƙarfin abincinsu daga dangin hatsi da sukari yake, maiƙo wajen kashi 13 kawai. Babban abincinsu shi ne ugali, wanda ba komai ba ne illa tuwon masara, sai shinkafa, wake, dankali, kabeji da burodi. Nama kaɗan ne, kuma ba kullum ba. Shayi da madara da sukari kuwa kamar ruwa suke shan sa, har sukari kaɗai ya kai wajen kashi ɗaya cikin biyar na abin da suke samu. Kowannensu yana cin wajen giram 600 na dangin hatsi a yini. In da a garin masara za a auna shi duka, ya kusa sulusin tiya, ga mutum ɗaya siriri mai nauyin da bai kai kilo 60 ba. Da aka yi irin wannan bincike a kan ƴan Habasha a 2011, an sami kashi 64 cikin 100, su kuma injera suke ci, wata faffaɗar waina mai tsami ta garin hatsin tef.

A cikin tsere kuma abin ƙaruwa yake yi. An daɗe ana ganin hanji ba ya iya shigar da fiye da giram 60 na sukari a awa ɗaya. A farkon shekarun 2000 Asker Jeukendrup da abokansa a jami'ar Birmingham ta Ingila suka nuna cewa sukari iri-iri ne kuma kowane da ƙofarsa a hanji: in aka haɗa gulukos da furuktos, wato irin sukarin da ke cikin ƴaƴan itace da zuma, ana iya kai giram 90. A ƴan shekarun nan mahaya keke da dama na babban tseren kewaya Faransa suna kai giram 100 zuwa 120 a awa. Ku kwatanta da sukarin kwali: ƙwaya fiye da 20 ke nan kowace awa, har awa huɗu ko biyar. Ranar 12 ga Oktoba 2019, da Eliud Kipchoge ya yi kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana, a kan keke ake bin sa ana miƙa masa gorar ruwan sukari, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ba a rubuta lokacin a matsayin bajintar duniya ta hukuma ba. Shi ma Chris Froome, wanda ƴan maiƙo suka yi ta yaɗa hoton karin kumallonsa na ƙwai da kifi, ranar da ya tsere wa kowa shi kaɗai har kilomita 80 a duwatsun Italiya a 2018, ƙungiyarsa ta bayyana cewa kilo 1.3 na dangin hatsi da sukari ya ci a wannan yini.

To amma kada mu zalunci ƴan maiƙo, suna da nasu fili. In tafiya ta yi tsawo ƙwarai, gudu ya zama na sassarfa, lissafi yana canzawa. Zach Bitter Ba'amurke, wanda ya daɗe yana rage dangin hatsi a abincinsa, ya yi mil 100, wato kilomita 161, cikin awa 11 da minti 19 a 2019, lokacin da ba wanda ya taɓa yin irinsa kafin nan. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sai dai shi ma bai ɓoye ba, ranar tsere da ranakun atisaye mai zafi yana shan sukarinsa. Haka kuma a tseren rairayi na Maroko, inda ake yin wajen kilomita 250 cikin mako ɗaya kowa da guzurinsa a baya, nauyin kaya abin dubawa ne: giram ɗaya na maiƙo yana ba da kalori 9, na hatsi 4 kawai, don haka gyaɗa da danginta suna da daraja a jaka. Wannan ya tuna mana da guzurin masu ayarin gishiri na Bilma, gero dakakke da dabino da cuku a dama da ruwa. Ba su zaɓi ɓangare ba, sun haɗa duka biyun. Shi kuwa Noakes bai sauka daga kan bakansa ba: a ganinsa faɗuwar sukarin jini ce ke kayar da ɗan tsere, ba ƙarewar ajiyar tsoka ba, saboda haka ɗan sukari kaɗan a hanya ya isa. Ko a nan ɗin ma dai, kun ji, sukari bai fita daga lissafi ba.

Akwai gargaɗi biyu da ba za mu tsallake ba. Na farko gare mu ne, mu da muke wuni a zaune a rumfa ko a gaban makirufo. Kada wani ya karanta labarin ƴan Kenya ya ƙara ƙwaya biyar a shayinsa. Mutanen nan suna gudun kilomita 150 zuwa 200 a mako, duk abin da ya shiga ƙonewa yake yi. Mai zama in ya ci irin cinsu, sito ne zai cika, ƙarshenta ciwon sukari da hawan jini. Wanda ya riga ya kamu da ciwon sukari kuma, rage tuwo da zaƙi na iya yi masa amfani ƙwarai, amma da shawarar likita, musamman in yana shan magani ko yana allura, domin sukarinsa na iya faɗuwa ya sume. Masu barin tuwo don rage ƙiba su ma su sani, kilo ɗaya ko biyu da ke zubewa a makon farko yawancinsu ruwa ne, domin kowane giram na gilikojen yana riƙe da wajen giram 3 na ruwa.

Na biyu ga iyayen ƴan wasa ne, musamman ƴan mata. Yarinyar da ke horo mai tsanani ba ta cin abin da ya ishe ta, al'adarta na iya ɗaukewa, ƙasusuwanta su yi rauni har su dinga tsagewa. Kwamitin Olamfik na duniya ya fitar da gargaɗi a kan wannan tun 2014, kuma ya ce samari ma ba su tsira ba.

Da muka sake samun baiwar Allah mai hatsi, ga abin da muka ce ta gaya wa ɗanta. Tseren da yake nema, ko na kilomita 10 ne, ko 21, ko 42, tseren sauri ne, irin wanda Burke ta gwada, don haka ya koma ga tuwonsa da furarsa, ya haɗa da wake, nono, ganye da ɗan nama ko ƙwai gwargwadon hali. In yana son ya koya wa jikinsa ƙone kitse, gudun asuba a hankali kafin karin kumallo ya wadatar, ƴan Kenya ma suna yin haka, amma su dawo su ci su ƙoshi. Gudun da bai kai awa ɗaya ba ruwa kawai yake buƙata. Wanda ya zarce haka, ya nemi giram 30 zuwa 60 na sukari kowace awa, kuma ba sai ya sayi wani abu na kanti mai tsada ba. Sukarin da muke sayarwa a kasuwa rabinsa gulukos ne rabinsa furuktos, wato yana bin ƙofofin nan biyu. Ƙwaya 10 zuwa 12 a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da ɗan gishiri a bakin ƙaramin cokali, da matsin lemun tsami, sun yi. Dabino ma haka, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Ya fara gwadawa a lokacin atisaye kaɗan-kaɗan har cikinsa ya saba, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma da yawa sun bar tsere ba don gajiya ba sai don murɗar ciki.

Ta yi shiru tana saurare, sannan ta tambaye mu sunan tuwon nan na ƴan Kenya, ta ce mu maimaita mata sau biyu don ta riƙe. Ta ce daren nan masara za ta kai niƙa.